Kukis ɗin ot mai cakulan, gyaɗa da dabino: me ya sa yake bajewa a kicin ɗin Katsina?

Wata 'yar'uwa daga Ƙofar Ƙaura ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Anti. Na ga kukis ɗin ot a intanet, wanda ake sa wa cakulan da zabibi da wata irin gyaɗar Turawa. Na bi ma'aunin yadda aka rubuta, amma nawa ya baje ya haɗe a tire, ƙasan ya ƙone, cakulan ya narke ya ɓata kwaɓin, zabibin kuma ya yi tauri da ɗaci. Washegari ko taunuwa ba ya yi. Ba ni da oben, a tukunyar yashi nake gashi. Zan iya sa gyaɗarmu da dabino? Ina so in yi na Sallah."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Gyaɗa da dabino za su yi, ni ma su nake sawa, kuma zan zo kansu. Amma mu fara da abin da ya ɓata miki aiki. Ma'aunin da kika bi an rubuta shi ne a ƙasar sanyi, inda kicin yake kan digiri 20 zuwa 22, bota ta yini a kan tebur da ƙarfinta. Mu nan a Afrilu da Mayu zafin rana yana kai digiri 40, bota kuwa tana narkewa tun daga digiri 32 zuwa 35. Kenan tun kafin ki kunna wuta botarki ta riga ta zama mai. Da hunturu kuma iska ce take zuƙe ruwan duk abin da aka bari a buɗe. Yawancin abin da kika lissafa daga zafin nan da bushewar nan ya taso, sauran kuma daga yadda wuta take shiga tukunya.

Ga abin da yake faruwa idan kika ɗora curin kwaɓi a kan wuta. Mai yana narkewa, kwaɓin yana saki yana faɗi. A lokaci guda ƙwai da fulawa suna dahuwa, su ne za su kama shi su tsayar da faɗin, amma ƙwai ba ya fara kamawa sai zafin cikin kwaɓin ya haura digiri 60. Idan curin ya shiga da sanyinsa, gefen yakan kama tun tsakiya ba ta gama saki ba, sai ki sami kukis mai kauri, gefe da ƙaras-ƙaras, ciki da taushi. Idan ya shiga da ɗumi, mai ya riga ya tsere, kafin ƙwai ya farga komai ya malale. Abin da ya malale ya yi siriri kuwa shi ne yake saurin ƙonewa, shi ne kuma yake ƙandarewa washegari.

Saboda haka maganar mai ita ce ta farko. Idan botar madara ce ta gaske, a nan ba a fito da ita tun safe a jira ta yi laushi kamar yadda suke rubutawa. Ki fito da ita minti 10 ko 15 kafin aiki da bazara. Ki danna da yatsa: ya loɓa amma da ɗan turjiya, kuma ki ji sanyi a fatarki. In tana ƙyalli tana maiƙo, ta wuce, mayar da ita sanyi. Yawancinmu dai da majarin muke gashi, irin na leda mai giram 250, kuma ba laifi ba ne, ya ma fi bota jure zafinmu. Abin da za ki duba a jikin ledar shi ne yawan mai: ki nemi wanda ya kai kashi 80 cikin ɗari ko kusa da haka. Mai taushin nan na roba da ake shafa wa burodi sau da yawa ruwa ya yi masa yawa, ba ya riƙe kukis. Man shanu kuma, wanda nake jin daɗin ƙamshinsa da ot ƙwarai, yana da nasa hukunci. Soyayyen man shanu babu ruwa a cikinsa ko kaɗan, alhali bota kusan kashi 16 cikin ɗarinta ruwa ne. To idan da shi za ki yi, ki sa giram 180 a maimakon 225, ki ƙara madara babban cokali 3, kuma ki bari ya daskare tukuna. Ni nakan raba ne, rabi majarin rabi man shanu, don kada ƙamshin ya danne cakulan. Man gyaɗa kam ki bar shi wa cincin, ba ya daskarewa balle ya riƙe siffa.

Na san za ki ce ina wutar da za a sanyaya kwaɓi. Akwai dabara. Ki yi kwaɓinki da dare bayan Isha, ki yi gashi bayan Asuba, lokacin da gari ya fi sanyi. Ki sayi ƙanƙara, ki sa a kula, ki ɗora kwanon kwaɓin a kai a rufe ruf da leda don kada ruwa ya shiga. Kwaɓi mai ɗanyen ƙwai ba ya kwana a waje da zafi, dole sai a firij ko a kan ƙanƙarar da za ta kai safe. In babu ko ɗaya, ki kwaɓa da asuba, ki ba shi minti 40 a kan ƙanƙara ko cikin bahon ruwan randa, ki gasa nan take. Kuma tun kafin ki sa a sanyi ki cura shi ƙwallo-ƙwallo, ƙananan curi sun fi babban dunƙule saurin ɗaukar sanyi.

Wannan hutun da ake ba kwaɓi yana da amfani na biyu, wanda a wurina ya ma fi na farkon, kuma ya shafi shi ot ɗin. Ot hatsi ne mai ƙishi. Yana da wani sinadari mai yauƙi da ake kira beta-gulukan, shi ne yake sa kunun ot ya yi kauri, kuma yana shan ruwa a hankali. Kamar garin kwaki ne: kin zuba ruwa kin ga ya yi tsululu, ki ba shi ɗan lokaci ki tarar ya kumbura ya shanye. Idan kika gasa da zarar kin gama kwaɓawa, ot bai sha komai ba, ruwan ƙwai da na bota yana yawo a kwaɓin, zai taimaka wa bajewa sannan ya ƙafe a wuta. Daga baya busasshen ot ɗin ya ci gaba da zuƙar ɗan danshin da ya rage, washegari ki tarar da tauri. In kuwa ya huta, ko da awa ɗaya ne, ruwan ya shige cikin hatsin ya zauna, kwaɓin ya yi ƙarfi, kukis ya kwana uku da taushinsa. Ot kuma ba shi da danƙon alkama, shi ya sa ba a yin kukis ɗin da shi zalla, sai an haɗa da fulawa ta riƙe shi.

Ot ɗin ma iri-iri ne. Akwai mai faɗin ɓarza wanda aka latse ƙwayar sukutum, shi masu rubuta ma'aunin nan suka fi nufi, yana ba da abin taunawa. Akwai ƙanana mai saurin dahuwa, irin wanda muka saba damawa na gwangwanin Quaker da makamantansa, shi ya fi samuwa a shagunan Katsina. Yana yi sarai, sai dai ya fi saurin shan ruwa, don haka in da shi za ki yi ki rage fulawa babban cokali 2, kuma hutun awa ɗaya ya ishe shi. Wanda ba na so shi ne na ƙananan leda mai sukari da ɗanɗano a ciki, ya yi gari da yawa, kukis ɗinsa cuɗewa yake. Kowanne kika samu, ki shinshina. Ot yana da mai fiye da yawancin hatsi, in ya daɗe a shago da zafi yakan yi warin tsohon mai, kuma wuta ba ta korar wannan wari. In kina da hali ki zuba shi a busasshen kasko, wuta kaɗan, kina juyawa minti 5 zuwa 8 har ƙamshi ya tashi, ki baza ya huce sarai kafin ya taɓa bota. Wannan ɗan aikin yana canja ɗanɗanon fiye da yadda za ki zata.

Ga ma'aunin da nake aiki da shi, wanda yake ba da kusan guda 40. Bota ko majarin giram 225. Mazarƙwaila giram 200, farin sukari giram 50. Ƙwai 2. Fulawa giram 190, wato kofi ɗaya da rabi. Ot giram 270, kofi 3. Bekin soda ƙaramin cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali idan majarin yana da gishiri, cikakke idan ba shi da shi, kirfa ƙaramin cokali 1. Sai cakulan kofi 1, gyaɗa kofi 1, busassun 'ya'yan itace kofi 1. Kofin da ake nufi shi ne mai mililita 240. Gwangwanin madarar ruwa da muke awo da shi bai kai haka ba, kusan kashi biyu cikin uku ne na kofin, don haka wadda ta auna fulawa da ot da gwangwani amma ta juye ledar bota sukutum ta sa mai ya rinjayi gari, kuma wannan kaɗai ya isa ya baje kukis. Ƙaramin sikelin kicin zai raba ki da wannan rigimar. Kayan haɗin nan uku kuma kada jimillarsu ta wuce kofi 3, in sun fi haka babu isasshen kwaɓin da zai riƙe su, kukis ya riƙa wargajewa a hannu.

Kin ga na ce mazarƙwaila. Su a can jan sukari suke sawa, wanda a nan sai manyan shaguna kuma da tsada, alhali yawancinsa farin sukari ne da aka mayar wa da baƙin ruwan rake. Mazarƙwailarmu ba a taɓa raba ta da wannan ruwan ba tun daga tukunya. Shi ne yake jawo danshi ya riƙe, ya ba kukis taushi da danƙo da wannan launi mai duhu, farin sukari kuwa ƙaras-ƙaras yake bayarwa da faɗi. In kin sa fari zalla, kamar yadda nake zaton kin yi da ba ki sami ja ba, kin ƙara wa bajewa da tauri ƙarfi. Ki zaɓi mazarƙwaila mai haske wadda ba ta da ɗacin ƙuna, ki goga ta da abin goga kuɓewa ko ki daka, ki tankaɗe. Kada ki bar gudaji, don kowane gudaji zai narke a wuta ya tsiyaye ya ƙone a gefe. Ki ɗanɗana kuma, wata takan zo da ɗan yashi. In kin ji shi a haƙori, ki narka ta da ruwa babban cokali 2 a wuta kaɗan, ki tace da kyalle mai tsabta, ki bari ta huce gaba ɗaya, sannan ki ƙara fulawa babban cokali 2 a kwaɓin.

Bekin soda da bekin foda ba abu ɗaya ba ne, kuma masu shago sukan miƙo wanda ya fi kusa da hannu. Soda tana buƙatar abu mai ɗan tsami kafin ta yi aiki, a nan ruwan raken da yake cikin mazarƙwaila ne. Foda ta zo da tsaminta a haɗe, kuma soda ta fi ta ƙarfi kusan sau uku. Soda ce take sa kukis ya yi ja da ƙamshin gashi, don tana hanzarta haɗuwar sukari da furotin a kan wuta, abin da Bafaranshen nan masanin sinadarai Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. In ta yi yawa kuwa za ki ji ɗanɗanon sabulu. Ki shafe bakin cokalin, kada ki yi tozo. In foda kaɗai gare ki, sa ƙaramin cokali 2, kukis zai fi tashi da fari, ya ɗan karkata wajen kek. Kanwa kada ta shigo nan, ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, ba yadda za ki auna ta.

Wajen haɗawa, ki buga bota da sukari minti 2 zuwa 3 kawai, su haɗu su ɗan yi haske. Ba kek kike yi ba, iska mai yawa tana sa ya kumbura ya faɗi. Ki fasa ƙwai ɗaya-ɗaya, masu sanyi in da hali. Ki tankaɗe fulawa da soda da gishiri da kirfa tare, ki zuba, ki juya da muciya har garin ya kusa ɓacewa, ki tsaya. Yawan juyi yana tayar da danƙon fulawa ya kawo tauri. Sai ot, sai gyaɗa da dabino, cakulan a ƙarshe. Kada ki sa hannu, ɗumin tafinki ya isa ya narka shi.

Cakulan na gaske da man koko ake yin sa, man koko kuwa yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum. Shi ya sa yake narkewa a baki, shi ya sa kuma ya narke miki a kwano. Akwai wani wanda masu kayan kek suke sayarwa a dunƙule, an maye man koko da man ƙwarar manja. Bai kai na gasken daɗi ba, gaskiya, yakan ɗan bar maiƙo a ganda, amma ya fi jure zafi, kuma in za ki ɗauki kukis ki kai gidan surukai a Daura da tsakar rana, shi zai isa lafiya. Na ci a gida kuwa ki sayi na gaske, mai duhu wanda kokonsa ya kai kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, domin dabino da mazarƙwaila sun riga sun kawo zaƙi, ɗan ɗacin nan ne zai daidaita su. Ba dole sai kin sami 'yan ƙwayoyin nan na leda ba. Ita kanta Ruth Wakefield, matar nan ta Amurka da ta fitar da kukis mai gutsattsarin cakulan a littafin girkinta na 1938, sandar cakulan ta daddatsa da wuƙa, daga baya ne kamfani ya fara yin ƙwayoyin. Ki daddatsa naki girman ƙwayar gyaɗa, ki sa a sanyi har sai lokacin zubawa. In kin ga fari-fari a jikinsa ba lalacewa ba ce, man koko ne ya narke ya sake daskarewa, a gashi ba a ganewa. Garin shayi irin su Milo da Bournvita kuwa abin sha ne mai sukari da madara, ba ya tsayawa a madadin cakulan, zai sa kwaɓin ya yi danƙo ya ƙone da wuri.

Ban sa banila a ma'aunin ba da gangan, kirfa da mazarƙwaila sun wadatar. In kina so, ki karanta jikin kwalbar: ruwan banila na asali da ake shigowa da shi da barasa ake jiƙa shi, a Amurka doka ma ta ce kada ta gaza kashi 35 cikin ɗari. Akwai na gari da wanda aka rubuta babu barasa, su za ki nema.

Yanzu gyaɗa. Abin da Turawa suke nema a wurin waccan gyaɗar tasu shi ne mai da ƙamshi da abin da zai yi ƙaras a haƙori, gyaɗa kuwa tana da duka ukun, ga ta sabuwa a kasuwa, ba wadda ta yi watanni a jirgin ruwa ba. Sai an soya ta tukuna, minti 12 na gashin kukis ba zai dafa ɗanyar gyaɗa da take lulluɓe cikin kwaɓi ba. Ki soya a yashi yadda aka saba amma ki sauke tun tana da haske, don za ta ƙara shan wuta. Ki murje, ki fece ɓawon, ki daddatsa da wuƙa gida biyu ko uku. In kin kai ta turmi mai zai fito ta koma tunkuza. Abin da ba na wasa da shi shi ne tsinta. Gyaɗar da aka ajiye da danshi tana yin wani funfuna mai haifar da guba da ake kira afalatoksin, wadda take illa ga hanta, kuma zafin suya ko na gashi ba ya kawar da ita. Ki baza a faifai da rana ki tsince duk wadda ta yanƙwane, ta canja launi, ta huje ko ta yi ƙura-ƙura, in kin ji mai ɗaci a baki ki tofar. Yara ne za su fi cin kukis ɗin nan, to a yi musu wannan ƙoƙarin. Kashu ma yana yi, ya fi laushi da tsada. Soyayyen riɗi babban cokali 2 ko 3 a kan gyaɗar yana ƙara ƙamshi sosai. Busasshiyar aya kada ki sa ta sukutum, wuta ƙara mata tauri take.

Zabibinki ya yi ɗaci ne don ya shiga wuta a bushe. Kusan duk jikinsa sukari ne, wanda ya leƙo saman kukis sai ya ƙone. Wanda yake ciki kuma ya yi ta gasa da ot wajen zuƙe ruwan kwaɓin. Ki jiƙa shi a ruwan ɗumi minti 10, ki tsane, ki goge da kyalle har ya daina jiƙa hannu, in kin cura kuma ki tura waɗanda suka fito waje ciki da yatsa. Dabino iri biyu muke samu. Busasshen nan mai ƙarfi da yake shigowa ta Nijar yana son jiƙo na minti 20 zuwa 30 bayan kin cire ƙwallon, kuma ki tsaga kowanne ki duba ciki saboda ƙwari. Mai laushi irin na tsarabar Saudiyya ba ya son jiƙo, ki shafa wa wuƙa mai ki yanka ƙanana, ki barbaɗa masa fulawa cokali ɗaya daga cikin wadda kika auna don kada ya dunƙule wuri guda. Wajen kashi biyu cikin uku na nauyin dabino sukari ne, shi ya sa na rage farin sukari zuwa giram 50. Masu ma'aunin can sukan sa wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami don su karya zaƙi. Mu muna da zoɓo. Ki wanke shi sosai ya rabu da ƙasa, ki tafasa ya yi laushi, ki tsame, ki dafa shi da ɗan sukari da ruwa kaɗan har ya yi ƙyalli, ki baza ya sha iska, ki yayyanka. Rubu'in kofi na zoɓo a kan rubu'i uku na dabino. Tsaminsa da duhun cakulan suna tafiya tare ƙwarai, kuma shi ne abin da baƙi suke fara tambaya a kai.

Sai tukunya, inda ƙasan ya ƙone. A oben zafi yana zagaye abin gashi, a tukunya kuwa daga ƙasa kawai yake tasowa, sama tana samun saura. Ki nemi tukunya mai faɗi da kauri, mai murfin da yake zama daidai. Ki zuba wankakken yashi busasshe kaurin yatsa biyu zuwa uku, ko gishiri in kin fi so. Tire kada ya taɓa yashin: ki kafa gwangwanayen madara uku marasa takarda, ko duwatsu masu tsayi ɗaya, ki ɗora tiren a kai, ki bar tazara tsakaninsa da bangon tukunya don zafi ya hau. Ki rufe ki bar ta ta yi zafi minti 15 zuwa 20 kafin komai ya shiga. Mutane da yawa suna tsallake wannan, su sa kukis a tukunya mai sanyi, mai ya narke a hankali ya malale, sannan su ƙara wuta ƙasan ya ƙone. Zafin da ake nema digiri 175 zuwa 180 ne. In ba ki da ma'aunin zafi, ki barbaɗa fulawa cokali ɗaya a tiren ki rufe: in ta yi ruwan zuma a wajen minti 5, daidai ne, in ta yi baƙi a minti 2 ko 3, rage wuta ki jira. Sannan abin da ya fi komai gyara gashin tukunya: garwashi a kan murfi. Ki kifa murfin ko ki sami mai lafe, ki jera garwashi kaɗan a gefe-gefe, ƙasa kuma wuta ta zama 'yar kaɗan. In a kan gawayi kike, wutar sama ta ɗan fi ta ƙasa. Duk sanda kika buɗe, ki goge gumin cikin murfin kada ya ɗiga, ki kula da toka.

Ki shimfiɗa takardar gashi a tiren. In babu, ki shafa mai sama-sama ki barbaɗa fulawa, don mai da yawa santsi yake ƙara wa kwaɓi. Jarida ko takardar littafi kada ta shiga, saboda tawada. Kowane curi giram 35 zuwa 40, kamar babban cokali biyu, tazarar yatsa uku tsakani, kuma kada ki latse shi sai in ya yi sanyi ƙwarai. Ki fara da guda biyu na gwaji. In sun baje, ƙara sanyi ko fulawa cokali 2. In sun tsaya a dunƙule, ki ɗan danna na gaba da bayan cokali. Tire biyu za ki tanada, domin ɗora kwaɓi mai sanyi a tiren da ya fito daga wuta yana rushe duk wahalar ƙanƙarar da kika yi. Sauran curin su zauna a kula har layinsu ya zo. Masu oben ɗin gas na ƙirar gida, wanda shi ma wutarsa a ƙasa take, su sa tiren yashi a can ƙasa, su yi gashi a hawa na sama, su juya tiren gaba ya koma baya a rabin lokaci.

A oben minti 10 zuwa 12 ne, a tukunya yakan kai 15 ko ya ɗan wuce. Agogo dai taimako ne, ido ne alƙali. Ki sauke lokacin da gefe ya yi ja ya tsaya, tsakiya kuwa tana nan da laushi har ki ji kamar bai gasu ba. Ki bar shi a tiren minti 5, zafin ƙarfen zai ƙarasa shi, sannan ki kwashe zuwa raga ya huce. Wanda kika jira ya yi ƙarfi a cikin tukunya ya riga ya wuce, in ya huce sai an jiƙa a shayi.

In ya huce sarai ki zuba a roba mai murfin da iska ba ta shiga, yana kai kwana 5 zuwa 7. Da hunturu ki jefa yankan burodi ɗaya a ciki, kukis zai ja danshinsa, ki canja shi bayan kwana biyu. Da damina kada ki sa burodin, kuma kada ki haɗa shi roba ɗaya da cincin ko dubulan, zai sa su yi sanyi. Na Sallah ki soya gyaɗa da ot, ki gyara dabino da zoɓo saura kwana uku, ki kwaɓa daren jajibiri ya kwana a sanyi, ki gasa da asubar jajibiri kafin kicin ya cika da aikin miya.

In za ki raba wa maƙwabta, ki faɗa musu akwai gyaɗa a ciki, akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗaukarta, wasu har numfashi take toshe musu. 'Yan ƙasa da shekara huɗu ki yi musu nasu daban babu gutsattsarin gyaɗa, saboda shaƙewa, kuma kada a bar yara su lashe ɗanyen kwaɓi. Tsofaffin gida masu ciwon sukari kuma kada sunan ot ya sa a cika musu faranti. Ot yana da amfani ga jiki, amma a nan yana tare da bota da mazarƙwaila da dabino, kowane guda yana ɗauke da sukarin da ya haura ƙaramin cokali biyu. Ki cura musu ƙanana, rabin girman na sauran, ki rage minti biyu a lokacin gashi.